Yadda mai lalurar ƙwaƙwalwa zai nemi tallafin gwamnati na masu buƙata ta musamman a Najeriya

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta shekarar 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ba ta tsaya a kan makafi da kurame da guragu kaɗai ba. A sashe na 57, inda ta fayyace abin da take nufi da nakasa, ta lissafa lalura mai ɗorewa ta jiki, da ta hankali, da ta fahimta, da ta gani ko ji, matuƙar dai lalurar tana hana mutum shiga harkokin rayuwa kamar sauran jama'a. Sashe na 21 kuma ya ware mai lalurar hankali da wani haƙƙi na daban, domin ya ce yana da damar samun magani da kulawa kyauta a dukkan asibitocin gwamnati. Iyalai da yawa da suka shafe shekaru suna sayar da tumaki da gonaki domin sayen maganin ɗansu ba su taɓa jin wannan magana ba, kuma wani lokaci ma'aikacin da ke zaune a bakin tagar karɓar kuɗi shi ma bai taɓa jin ta ba.

Ya kamata mai nema ya san tun da fari cewa gwamnatin tarayya ba ta da wani tsari na biyan kowane mai nakasa albashi duk wata, irin wanda ake ji a Ingila ko Amurka. Abin da ake da shi a nan ƙofofi ne a warwatse: takardar shaidar nakasa, da haƙƙin magani kyauta, da inshorar lafiya ta marasa galihu, da alawus a wasu jihohi, da kuɗin fansho ko diyya ga wanda yake aiki kafin ciwon ya kwantar da shi. Kowace ƙofa da ofishinta, amma dukkansu abu ɗaya suke fara tambaya, wato takardar likita. Gurgu idan ya shiga ofis a kan kekensa ba ya buƙatar dogon bayani, shi kuwa mai ciwon damuwa mai tsanani ko mai jin muryoyi yana iya shiga da wankakkiyar riga ya gaida kowa cikin natsuwa, a dube shi a ce lafiyarsa ƙalau. Saboda haka mafi yawan aikin a asibiti ake yin sa, tun kafin a taka ƙofar kowace hukuma.

Buɗe fayil da riƙe shi

Matakin farko shi ne majinyacin ya kasance yana da fayil a asibitin gwamnati, a hannun likitan ƙwaƙwalwa. A arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma asibitin Dawanau a Kano, sannan asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika da na Jos duk suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Wanda yake nesa da waɗannan sai ya fara daga babban asibitin garinsu, ya nemi takardar turawa zuwa ga ƙwararre.

Addu'a da ruƙiyya suna da matsayinsu a zuciyar iyali, kuma babu mai cewa a bar su, sai dai malami ko mai maganin gargajiya ba ya bayar da takardar da hukuma za ta karɓa. Haka nan dangin da suka ga likita sau ɗaya shekaru biyar da suka wuce, daga nan suka koma sayen ƙwayoyin a kemis da tsohon kwalin magani, sun rage wa kansu wahalar layi amma sun bar fayil ɗin babu komai a ciki. Ranar da za su nemi rahoto, likita zai buɗe ya ga shafi ɗaya tak, kuma ba zai iya rubuta cewa ciwon ya daɗe ba alhali ba shi da shaidar hakan a gabansa. Don haka a riƙa zuwa duk ranar da aka ba da, ko da majinyacin ya samu sauƙi, a kuma adana katin asibiti da takardun rubuta magani da rasiɗan biyan kuɗi da takardar sallama ta duk lokacin da aka kwantar da shi. A zuba su a jaka ɗaya mai hana ruwa shiga, a kuma ɗauki hoton kowace da waya.

Abin da za a faɗa wa likita

A nan ne mutanenmu suka fi yi wa kansu asara, kuma dalilin tarbiyya ce mai kyau da aka kawo ta inda ba ta dace ba. Likita ya tambaya, “Yaya jiki?” sai majinyacin ya sunkuyar da kai ya ce, “Da sauƙi, alhamdu lillahi.” Mahaifiyarsa da ta rako shi, wadda ta kwana uku ba ta runtsa ba tana tsaron ƙofa kada ya fita da tsakar dare, ita ma ta ce, “Jiki kam da sauƙi, likita.” Likitan da mutum hamsin ke jiransa a waje sai ya rubuta cewa majinyaci yana samun sauƙi, ya sabunta magani, ya kira na gaba. Idan aka yi haka wata bayan wata, fayil ɗin zai nuna mutumin da ya kusa warkewa, alhali a gida an san ba haka abin yake ba. Godiya ga Allah ba ta hana faɗin gaskiyar halin da ake ciki, kuma kunya a ɗakin likita cutarwa ce.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce mai jinya ya sayi ƙaramin littafi ya riƙa rubuta abin da yake gani da kwanan wata, da Hausa ko da ajami, yadda ya fi iyawa. A rubuta daren da bai yi barci ba, da kwanakin da ya yi bai yi wanka ba sai da aka matsa masa, da ranar da aka aike shi kasuwa ya kasa dawowa sai da aka bi sawu, da lokacin da ya bar tukunya a kan wuta ya manta, da ranar da ya rufe shagonsa bai sake buɗewa ba. A rubuta har illar maganin, kamar yawan barci da rawar hannu da sanƙarewar wuya da zubar yawu, domin wani lokaci su ne ke hana tela ko direba komawa sana'arsa ko da hankalin ya dawo daidai. Idan ya taɓa maganar kashe kansa ko ya yi yunƙurin hakan, wannan ba abin ajiyewa sai ranar asibiti ba ne, a kai shi ga likita a ranar, a kuma tabbatar an rubuta a fayil.

Dalilin wannan rubutu shi ne, sunan ciwo kaɗai ba ya wadatarwa. Mutum biyu suna iya ɗauke da ciwo ɗaya, sikizofireniya (mai sa jin muryoyi da ruɗewar tunani) ko baifola (mai sa zumuɗi ya yi yawa wani lokaci, damuwa ta yi yawa wani lokaci), ɗaya yana shan maganinsa yana koyarwa a makaranta, ɗayan kuwa ba ya iya ƙirga canjin kuɗi. Ma'anar da dokar ta bayar ta rataya ne a kan ɗorewar lalura da kuma yadda take tare mutum daga harkokin rayuwa, saboda haka rahoton da zai yi amfani shi ne wanda ya ambaci sunan ciwon, da shekarar da aka fara ganin majinyacin, da yawan kwanciyar da ya yi, da maganin da yake sha, sannan ya faɗa a fili abin da ba ya iya yi da kansa da kuma ko yana buƙatar wani a kusa da shi kullum. Ciwon ƙwaƙwalwa yakan lafa ya tashi, don haka a roƙi likita ya rubuta wannan ma, domin kada ranar da majinyacin ya wayi gari garau ta zama hujjar hana shi.

Rahoton likita a rubuce ake neman sa, galibi ana biyan wani kuɗi a asusun asibiti, kuma yakan ɗauki kwanaki. A karɓi rasit. Idan ya fito, kafin a bar harabar asibitin a duba cewa yana kan takarda mai tambarin asibiti, da sa hannu da hatimi da kwanan wata, kuma sunan da ke kai ya yi daidai harafi da harafi da wanda ke kan lambar NIN. Muhammad a nan, Mamman a can, ko sunan uba a wata takarda da sunan gari a wata, ya isa ya tsayar da nema tsawon watanni. A manyan asibitoci akwai sashen walwalar jama'a, kuma ina ganin babu ofishin da iyali mai ƙaramin ƙarfi ya kamata ya fara sabawa da shi kamar wannan, domin ma'aikatansa su ne ke rubuta bayanin halin da gida yake ciki, su ne kuma suka san hanyar neman sassaucin kuɗin magani a cikin asibitin.

Takardar shaidar nakasa

Sashe na 22 na dokar ya ɗora bayar da wannan takarda a kan Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2020, hedikwatarta kuma tana Abuja. Takardar iri biyu ce. Idan likita yana cikin duba mutum ya ga alamar lalurar ta kai matsayin nakasa, yana iya ba shi ta wucin gadi da amincewar hukumar, kuma ba ta wuce kwana 180. Idan halin ya zarce wannan wa'adi, hukumar za ta bayar da ta dindindin bisa shawarar likita. Wasu iyaye suna jin kalmar dindindin sai gabansu ya faɗi, su ɗauka an yanke wa ɗansu hukuncin ba zai warke ba har abada, alhali dokar cewa ta yi takardar tana aiki ne muddin lalurar tana nan. Wanda ya riƙe ta yana da dukkan haƙƙoƙin da dokar ta tanada, ciki har da fifiko a layi, da karatu kyauta har zuwa sakandare, da shiga cikin kashi 5 cikin 100 na guraben aiki da sashe na 29 ya umarci hukumomin gwamnati su ware.

Wanda ba zai iya zuwa Abuja ba sai ya fara daga jiharsa. Kaduna tana da hukumar kula da harkokin masu buƙata ta musamman, Filato tana da hukumar kare haƙƙinsu, Legas ma tana da nata ofishin, a sauran wurare kuwa aikin yakan kasance a ƙarƙashin ma'aikatar mata da walwalar jama'a ko ta jinƙai, da kuma sashen walwala a sakatariyar ƙaramar hukuma. Shugabannin haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman, wato JONAPWD, suna da rassa a jihohi, kuma sau da yawa ta hannunsu ake tattara sunaye idan wani shiri ya zo, saboda haka yana da kyau a je a gabatar da kai a nemi shiga rajistarsu.

A tafi da kwafin rahoton likita, da kwafin takardar NIN, da hotunan fasfo, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da wasiƙar gabatarwa daga mai unguwa ko dagaci idan ta samu. Kada a bar asalin kowace takarda a ofis. A haɗa da gajeriyar wasiƙa da ta faɗi sunan mai nema da adireshinsa da lambar waya, da asibitin da yake zuwa da lambar fayil ɗinsa, da abin da ake nema a fili, misali: “Ina neman a ba ni takardar shaidar nakasa bisa sashe na 22 na dokar 2018, kuma ga rahoton likitana a haɗe.” A yi kwafi biyu, a miƙa ɗaya, a roƙi a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗayan a dawo da shi gida. Maganar baki a ofis ba ta da madafa, kuma wannan kwafi mai hatimi shi ne abin da za a riƙe idan an koma bayan wata guda aka ce ba a ga takardar ba.

Idan jami'i ya dubi majinyacin ya ce ai wannan ba nakasasshe ba ne, kada a yi fushi kada kuma a juya a tafi. A ce masa cikin ladabi, “Ranka ya daɗe, sashe na 57 ya haɗa da lalurar hankali, ga kuma abin da likita ya rubuta,” a nemi ganin na gaba da shi. Riƙe kwafin shafukan dokar da suka ƙunshi sashe na 21 da 22 da 57 a cikin jaka yana taimakawa ƙwarai. Shi kuma wanda zai ce a ba shi wani abu ya samo takardar ta bayan fage, a guje shi, domin dokar ta tanadi tarar naira 200,000 ko ɗaurin shekara ɗaya, ko duka biyun, ga wanda ya bayar ko ya samu takardar ta haramtacciyar hanya.

Sauran ƙofofin

Haƙƙin magani kyauta yana rubuce, amma a aikace asibitoci da yawa suna ci gaba da karɓar kuɗin kati da gado da magani, kuma wannan abin takaici ne ga iyalin da allurar wata-wata kaɗai ke cinye musu kuɗin abinci. Duk da haka a nema a rubuce, ta hannun sashen walwala zuwa ga shugaban asibitin, a ambaci sashe na 21. Ko ba a yafe duka ba, ana iya samun ragi, kuma wasiƙar tana zama shaida idan an kai ƙara gaba.

Ƙofar da ta fi kusa da talaka ita ce inshorar lafiya ta marasa galihu. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta sanya masu lalurar jiki da ta hankali cikin rukunin da gwamnati za ta biya wa, tare da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu juna biyu da tsofaffi, kuma ana rajistar ne ta hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, galibi a asibitin matakin farko na mazaɓa. Gurabe ba su da yawa kuma ba kullum ake buɗe rajista ba, don haka a sanar da shugaban asibitin mazaɓar da kansila tun da wuri. Bayan an shiga, a tambaya a fili ko maganin da majinyacin ke sha yana cikin jerin da ake bayarwa, da kuma yadda ake samun takardar turawa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa.

Alawus na wata-wata ya danganta da jiha. Jigawa ta fara biyan masu nakasa naira 7,000 a 2007 zamanin Gwamna Sule Lamido, Sakkwato kuma ta riƙa biyan naira 6,500 a zamanin Gwamna Aliyu Wamakko, kuma a irin waɗannan shirye-shirye ana ware adadi ne ga kowace ƙaramar hukuma, ana maye gurbi idan ya samu. Hukumomin zakka da waƙafi na jihohi su ma suna taimakawa da kuɗin magani, ta Sakkwato ma an san ta da ɗaukar nauyin jinyar masu taɓin hankali. Tallafin kuɗi na tarayya kuwa daga rajistar marasa galihu ta ƙasa ake zaɓo mutanensa, kuma ita wannan rajista ba a cike mata fom a intanet ko a shagon kwamfuta; jami'ai ne ke zuwa gari, jama'a su zauna su fitar da gidajen da suka fi talauci. Gidan da ya ɓoye majinyacinsa a ɗaki saboda gudun surutu, a ranar wannan zama ba za a tuna da shi ba.

Wanda yake aikin gwamnati ko na kamfani kafin ciwon ya yi tsanani, shawarata gare shi da danginsa ita ce kada ya rubuta takardar ajiye aiki cikin ruɗani, kada kuma ya daina zuwa haka kawai har a kore shi bisa rashin zuwa aiki. A kai takardar hutun rashin lafiya daga asibiti tun da wuri. Dokar fansho ta 2014 ta ba ma'aikaci damar taɓa asusun fanshonsa kafin ya kai shekara 50 idan ƙwararren likita ko kwamitin likitoci ya tabbatar ba zai iya ci gaba da aikin ba saboda lalurar hankali ko ta jiki, kuma ana bin wannan ne ta kamfanin da ke riƙe da fanshonsa. Idan kuwa aikin ne ya jawo ciwon, kamar ma'aikacin da 'yan fashi suka rutsa da shi a bakin aiki ya kasa dawowa daidai, dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta amince da irin wannan lalura. Ana sanar da wurin aiki cikin kwana 14, a kuma shigar da nema ga NSITF, hukumar da ke biyan diyyar ma'aikata, cikin shekara ɗaya.

Yardar majinyaci, da abin yi idan an ƙi

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta 2021, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tabbatar wa majinyaci haƙƙin a riƙe sirrinsa, da haƙƙin naɗa wanda zai wakilce shi, ta kuma hana a kore shi daga aiki don kawai yana da lalurar ko ya taɓa yin ta. Abin da wannan ke nufi ga iyali shi ne, neman nasa ne. A zauna da shi a lokacin da ya samu natsuwa, a karanta masa abin da likita ya rubuta, a ji ra'ayinsa, ya zaɓi wanda zai tsaya masa ya kuma sa hannu a kan hakan. Wata budurwa tana iya cewa ba ta son sunanta ya shiga jerin da za a karanta a ƙofar fadar dagaci saboda maganar aure, amma ta yarda a nemi inshora da sassaucin magani, kuma tana da ikon faɗin haka. Asusun banki da lambar BVN su kasance da sunan majinyacin, mai kula da shi kuma ya riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe, domin hakan yana kare shi daga zargin 'yan uwa, yana kuma kare majinyacin daga mai son zuciya.

Idan an ƙi, a nemi dalilin a rubuce. Sau da yawa matsalar rahoto ne da bai yi bayani sosai ba ko suna da ya saɓa, kuma waɗannan ana gyara su a sake miƙawa. Idan kuwa wariya ce ƙarara, wato an ƙi ne don kawai lalurar ta hankali ce, sashe na 1 na dokar 2018 ya tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, da naira 1,000,000 ga kamfani ko hukuma, kuma wanda aka zalunta yana iya shigar da ƙararsa ta daban a kotu. Kafin a kai ga kotu, ana iya kai koke ga ita hukumar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ko Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, kuma waɗannan biyun na ƙarshe suna da ofisoshi a manyan biranen jihohi, ba sa karɓar kuɗi. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya sai ya nufi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa. A haɗa koken da kwafin wasiƙar farko mai hatimin karɓa, da kwafin rahoton likita, da ranakun da aka je ofishin da muƙamin jami'in da aka gani a kowace rana.